Don Allah, wa ke da caja mai faɗin baki?

Da can idan baƙo ya yi sallama, ruwa ake fara miƙa masa, ya sha ya huta, sannan a gaisa a tambayi mutanen gida. Yanzu kuwa, mu faɗa wa juna gaskiya tunda ba bare a cikinmu, baki na amsa "lafiya lau" ido na yawo a bango yana neman soket. Kafin yaro ya kawo ruwan mun riga mun jefa tambaya, "Kuna da wuta kuwa?" Da an ce akwai, sai ka ga mutum ya zaro waya daga aljihun gaba, ya zaro wata daga na gefe, ya ƙara da ɗan bankin cajinsa, dukkansu a mace, shi kuma ko caja ɗaya bai fito da ita daga gida ba. Ni ma haka nake yi, kai ma Malam haka kake yi, Hajiya da ke can tana rufe baki da mayafi tana dariya ita ce ma shugabarmu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ku duba mu da kyau, kusan kowannenmu waya biyu gare shi. Akwai babba, mai shafe-shafe, wadda ake ajiyewa a kan tebur a wurin ɗaurin aure a kifa ta don a ƙirga idanun kyamararta. Akwai kuma ƙarama, mai tocila, wadda muka raɗa wa suna rakani-kashi ba tare da ko kunya ba. Babbar mun ci bashi mun saya, muna yi mata riga, muna shafa ta kamar jaririya, amma la'asar ba ta yi sai ta suma. Ƙaramar kuwa ta faɗa kwata ta fito, yara sun yi ƙwallo da ita, an ɗaure ta da kyauro, kuma caji ɗaya ya kai ta kwana huɗu. Idan magariba ta yi za mu ratsa lungun da ake ƙwacen waya, babbar takan koma cikin safa ko ƙasan jaka, ƙaramar ce ke fitowa fili. Layin banki ma a cikinta yake. Tsohuwar zuma dai da ita ake magani, sai dai ba ma son a gan mu da ita a hoto.

Sai musun da muke tafkawa a majalisa, wannan ya ce Tecno ta fi, wancan ya rantse Infinix ce waya, mai Itel yana gefe ana yi masa kallon talaka. Har jijiyar wuya ake tayarwa kamar musun Barcelona da Madrid, alhali ukun nan 'yan ɗaki ɗaya ne, kamfani guda ke yin su, Transsion, can birnin Shenzhen na ƙasar Sin. Duk wanda ya ci musun, aljihu ɗaya kuɗin ke shiga. Mutanen nan kuwa sun karance mu tsaf. Sun san ba mu da wuta, suka yi batir mai jimiri. Sun san ba ma yarda da layi ɗaya, suka yi gidan sim biyu. Sun kuma gyara kyamara ta yadda baƙar fata za ta fito sosai a hoto, mu kuma muka ɗora da namu, muna ƙara haske har sai yarinya ta zama Balarabiya, ranar da aka zo gani da ido a yi ta sallallami.

Maganar layi kuwa, wanda ya ga shekarar 2001 ba zai manta ba. Lokacin da MTN da Econet suka fara, layi kaɗai sai ka ajiye wajen naira 20,000, kira minti ɗaya naira 50, ko da "ina kake" kawai ka ce ka kashe. Sai a 2003 da Glo ta zo da lissafin daƙiƙa muka ɗan sarara. A wancan zamanin muka koyi filashin, kuma har yau da kira ya yi araha ba mu yar da shi ba. Mutum ne ke neman alfarma a wurinka, shi zai yi maka filashin, ka kira shi da katinka, ya fara da gaisuwa tun daga kakanninka har awakin gidanku, sannan ya ce dama dubu biyu yake nema. Yanzu layin ya zama kamar gyaɗa, kowa da uku ko huɗu: na data, na kira, na banki, da wanda masu bin mu bashi ba su sani ba. Da gwamnati ta ce a ƙarshen 2020 kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN, sai da muka yi wata da watanni muna cewa wasa ne, ranar da aka fara rufewa muka kwana a layi muna zagin waɗanda suka riga mu zuwa.

Ku biyo mu Farm Centre a Kano ku ga ciniki. Ba ruwanmu da abin da ke cikin waya, tambayarmu uku ce: tana riƙe caji, kyamara nawa, kuma in na gaji da ita nawa za ta yi? Sai yaron shago ya goge wata da gefen rigarsa ya ce 'yar Landan ce, wata tsohuwar Baturiya ce ta riƙe ta, kira kawai take amsawa. Mun san tsohuwar nan, ita ce dai wadda ta hau duk motocin da ake kawowa daga Kwatano, amma muna biya muna godiya. Ledar da ke kan gilashi ba ma ɓare ta sai ta gaji ta faɗi da kanta. In gilashin ya tsage kuwa, haka za mu yi shekara muna karanta saƙo ta tsakanin tsaga, muna cewa ai tana aiki. Ranar da dole ta kai mu wurin mai gyara, wanda duk muke kira Injiniya, ya ɗago kai ya ce "Alhaji, mene ne lambar buɗewa?" nan za ka ga dattijo da furfura yana gumi, yana cewa a gyara a gabansa, ba ya sauri. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ga kuma rashin goge abu. Waya ta yi ta kuka ta cika, mu kuwa ko hoton katin bikin da aka yi shekara biyar da ta wuce, har auren ya mutu, ba za mu iya gogewa ba. Mun taso daga kaset zuwa faifan CD, muka koma memori, daga Bluetooth muka koma Xender, kuma har yau akwai mai kwamfuta a bakin titi da ake miƙa wa memori a ce ya cika ta. Ka karɓi memorin kowannenmu ka saka a 'yar rediyon nan ta mai shayi, ka ji abin mamaki: karatun Sudais, sai wa'azi mai sa kuka, bai gama hucewa ba sai kalangun Shata, sai Hamisu Breaker, sai Indiya-Hausa fassarar Algaita, duk suna zaune lafiya a ɗaki ɗaya ba mai takura wa wani. Da an ga watan azumi mukan canja ƙarar kira zuwa ƙira'a, ranar sallah da yamma ta koma yadda take. Wanda ya manta bai kashe tasa ba, a sahun gaba ranar Juma'a asirinsa kan tonu, liman na tsakiyar Fatiha aljihu ya ɗau kiɗa, mai ita ya ƙame kamar ba tasa ba, na kusa da shi suna ta faman danne dariya.

WhatsApp kam ya zama zauren gidanmu. Akwai guruf na dangi, na tsofaffin ɗalibai, na masallaci, na 'yan adashi, da wani ƙarami da aka buɗe a ɓoye don a tattauna mutanen da ke cikin babban. Gwaggo ba ta rubutu, murya take turowa, minti tara, shida na farko gaisuwa ce, kana ji zakara na cara ana daka a bayanta, kuma idan ka amsa da "to" kawai ka yi rashin kunya. Kawu shi ne gidan rediyonmu, kullum da labari mai zafi wanda aka ce a tura wa mutum goma. Mun taɓa yarda akwai lambar da in ka amsa kiranta za ka faɗi matacce. A 2014, lokacin Ebola, da tsakar dare aka tashe mu muka yi wanka da ruwan gishiri, wasu har suka sha suka kwanta asibiti. A 2020 muka ɗora wa 5G laifin korona, tun kafin ma a kafa ta a ƙasar nan, da ta zo a 2022 kuma muka fara tambayar ko wayarmu na ɗauka. Duk wanda ka tambaya zai ce shi bai yarda ba, turawa kawai ya yi ko da Allah zai sa wani ya amfana.

Rubutunmu ma abin kallo ne. Sallama guda mai lada mun matse ta ta koma "slm", a amsa da "wslm ykk", a ce "lfy". Haruffa masu lanƙwasa kuwa mun sallame su, ko da yake suna nan a allon rubutun Hausa na Gboard ga mai so, shi ya sa ba ka sanin ko ƙasa ake nufi ko kasa, ko an ce ɓata ko bata, sai dai ka yi hasashe ka bar wa Allah.

TikTok fa? A majalisa kowa malami ne, ana ta Allah wadai da lalacewar zamani, amma ka ambaci sunan wata 'yar rawa bisa kuskure ka ji an gyara maka, a ƙara maka da labarin wanda suka yi faɗa da shi shekaranjiya. To a ina aka gani? Wai yara ne suka nuna mana. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Mu ne dai muka rantse ba za mu taɓa zuba kuɗinmu a waya ba, abin da ba ka gani ba ka taɓa ba ai ba kuɗi ba ne. Sai ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya zo ya yi mana hankali, cikin 'yan makonni mai shayi da mai ƙosai da mai yankan farce kowa ya buɗe OPay ko Moniepoint, har almajiri aka ce masa ba canji ya karanto lambar asusu. Yanzu gaisuwar kasuwa ta zama "ka ga alat?" Idan kuma ba mu yi niyyar biya ba, ga amsa a shirye, sabis ne ba kyau. Da hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, mun yi kumfar baki mun ce mun daina hawa intanet, kuma a intanet ɗin muka sanar da hakan, da datar da muka roƙi maƙwabci ya jona mana "na minti biyu kacal".

Kwamfuta ba ta samu shiga sosai a wurinmu ba. Mun sayi laftof don rubuta kundin kammala karatu, aka kammala a shagon mai buga takardu, ita kuma ta zama talabijin ɗin ɗaki da wurin cajin waya idan an ɗauke wuta. Tun da JAMB ta koma jarrabawar kwamfuta gaba ɗaya a 2015, kowace shekara sai saura mako guda muke tuna yaro bai taɓa riƙe linzaminta ba.

To jama'a, tunda an taru, ni ma ina da ƙorafi. Wanda ya ari cajata fara mai faɗin baki ranar sunan gidan maƙwabcinmu, ya ce minti biyar zai ɗan ɗosana, yau wata uku ke nan. Na san ka, ina ganin hotunan da kake ɗorawa kullum, alamar wayarka na samun caji. Ka dawo min da ita don Allah, domin mai ita na asali, wanda na ara a wurinsa bara, ya fara yi min filashin.