Aljihun Alhaji Ba Ya Hujewa

Masu cewa ƙungiyar ƙwallo ba ta ɗorewa sai tana da kuɗin shiga na kanta, da alama ba su taɓa taka ƙasar Talata Mafara ba. Da sun zo, da sun ga yadda muka warware matsalar da ta gagari Turawa duk da akantoci da lauyoyinsu. Mu a nan kulob ba ya buƙatar asusu a banki, ba ya buƙatar ma'aji, balle littafin rasit. Alhaji kawai yake buƙata. In an samu Alhaji, sauran aikin na maroƙa ne.

A dubi sauƙin tsarin. Yara za su yi sammako su cika ƙofar gida tun hantsi, su zauna a inuwar katanga har la'asar, wanda shi ma atisaye ne na juriya da babu kocin da zai iya ba su. Sai Alhaji ya fito zaure, a kwance ƙullin jesi sabbi fil a leda. Hotonsa na ƙirji, da murmushi da hula zanna, ya ninka lambar da ke baya girma, don kada ɗan kallo ya ruɗe ya zaci wai ɗan wasa ya zo gani. A miƙa ƙwallo biyu, a miƙa ambulan, a ɗauki hoto. Kyaftin ya durƙusa ya ce, "Ranka shi daɗe, Allah shi ƙara girma, Allah shi kai mu ranar rantsuwa." Ambulan ɗin kan bi ta hannun yaron Alhaji kafin ta isa ga koci, kuma takan ɗan rame a hanya, amma wa ke auna kyauta? Kafin magariba kulob ya sauya suna ya ɗauki na mai gida, an liƙa masa United a wutsiya.

Wasu marasa godiya na ƙorafin wai alherin na da lokaci. To, mene ne ba shi da lokaci? Ingila na buɗe kakarta a watan Agusta, mu tamu tana buɗewa ne ranar da hukumar zaɓe ta fitar da jadawali. Daga nan gasar cin kofin Honorabul ba ta yankewa daga Bakura har Maradun: na ɗaya babur, na biyu kuɗi a ambulan, gwarzon gola atamfa ya kai wa mahaifiyarsa. Da an ƙirga ƙuri'a sai a tafi hutu. In Alhaji ya faɗi, waya a kashe, kuma ai rashin tausayi ne a tunkari mai jinyar kaye da maganar kuɗin mota. In ya ci, yana Abuja, wayar ma a kashe. Hutun shekara uku da 'yan watanni ke nan, cikakke, wanda ko Messi bai taɓa samun irinsa ba. Shi ya sa gwiwoyin yaranmu ba sa saurin lalacewa.

Wanda tsautsayi ya faɗa wa ya karye a cikin hutun kuwa, ba a wahalar da shi da takardun inshora. Abokansa za su yi karo-karo a kai shi wurin mai ɗori, a kuma tura wa Alhaji saƙo don ya sa shi a addu'a.

Koci ma ya huta da ciwon kai. A wasu ƙasashe sai mutum ya kwana yana nazarin wa zai sa a gaba. Namu an sauƙaƙe masa: ɗan ƙanwar Alhaji ne lamba tara, ko da kuwa ƙwallo na tsoronsa yana tsoronta.

Kada a zaci ƙananan Alhazai kaɗai Allah ya ba mu. Daga 1999 zuwa 2023, shekara 20 cikin 24, ɗan ɗayan garuruwan nan uku ne ke gidan gwamnati a Gusau: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, sai Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Duk da wannan gata, babu ɗayan garuruwan da ya ɗaga kai ya ce sai ya kafa kulob mai buga Firimiyar Nijeriya. Irin wannan kawaici sai mu. Mun bar wa Gusau Zamfara United, wadda ita ma tsarin nan namu take bi, sai dai nata Alhajin ya fi kowa dabara, don ba daga aljihunsa yake cirowa ba, daga baitulmali ne, godiyar kuma tasa ce shi kaɗai. Haka Kano Pillars take, haka Katsina United, haka akasarin ƙungiyoyin ƙasar nan: gwamna ya tuna da su a ci, ya manta a yi azumi. Kulob ɗin namu na Gusau ma ya taɓa nuna wa duniya abin mamaki. A ranar ƙarshe ta kakar 2009, yana bakin ramin faɗawa rukunin 'yan dagaji, ya zazzaga wa Kaduna United ƙwallo 9 ba ko ɗaya ya tsira. Masu hassada sun yi ta gunaguni. Bai daɗe ba ya faɗa ramin dai, amma a lokacin da ya ga dama.

Tarihi ma yana bayanmu. Abiola Babes ta Abeokuta, ta attajiri M.K.O. Abiola, ta ci kofin ƙalubale a 1985 da 1987. Leventis United ta Ibadan ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka a 1985 ta kara da Al Ahly ta Masar. Ina suke yau? Sun huta. Masu su suka janye hannu, su kuma suka yi abin da ɗa na gari ke yi, ba su tsaya jayayya da iyaye ba. Cif Emmanuel Iwuanyanwu ya riƙe tasa ƙungiyar shekara ashirin da sunansa a goshinta, da nauyi ya ishe shi a 2006 ya mayar wa gwamnatin Imo, aka raɗa mata Heartland. Ifeanyi Ubah ya sayi Gabros a 2015, ya sa mata sunansa, ta ci kofi a 2016, shi ya zama sanata a 2019, ita ta bar Firimiya a 2021. Kowa ya samu rabonsa. Wane banza ne zai so kulob ya yi shekara ɗari yana damun mutane, kamar wasu na Ingila da ba su san ya kamata ba?

Turawa da Sinawa ma sun fara koyo da mu, ko da yake ba za su faɗa ba. Sulaiman Kerimov ya sayi Anzhi ta Rasha a 2011, ya ɗauko Samuel Eto'o da albashin da ya girgiza duniya, a 2013 ya tsuke bakin jaka, kaka mai zuwa ƙungiyar ta ƙare a ta ƙarshe. Jiangsu ta ci gasar Sin a ƙarshen 2020, watanni uku bayan haka kamfanin Suning ya rufe ta tana riƙe da kambunta. A mutu ana zakara, akwai mutuncin da ya wuce wannan? Magoya bayan Chelsea da ke cika gidajen kallonmu kuwa sun ga yadda yaƙin Yukren a 2022 ya sa aka ƙulle dukiyar mai kulob ɗin, Abramovich, har kulob ya kasa sayar da sabon tikiti. Bashin da ya haura fam biliyan ɗaya da rabi yake bin su, ya yafe. Ka ga amfanin Alhaji. Sai dai a yi addu'a naka ya kasance mai yafiya, kuma a samu wani Alhajin a bakin ƙofa.

Yanzu ga 'yan bidi'a sun fito da sabon salo. Wai a kewaye fili a riƙa karɓar ko naira ɗari a ƙofa, tunda matasan nan na biya kowane mako don kallon Arsenal a talabijin. Wai 'yan unguwa su yanki katin zama mamba, a zaɓi ma'aji, a karanta lissafi a bainar jama'a. Wai masu shinkafa da masu shaguna goma su haɗa ƙaramin tallafi maimakon mutum ɗaya ya ba da babba. Wai a raini yara, a rubuta yarjejeniya, in babban kulob ya ɗauke su a samu wani abu. Har suna kafa hujja da Jamus, inda doka ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun mambobi, da Real Madrid da Barcelona da magoya baya ke zaɓen shugabansu. Ɗayansu ma cewa ya yi tun da aka gama madatsar Bakolori a 1978 manomin yankin nan ya san bambancin mai jiran hadari da mai ruwa a kwalbati, don me kulob zai zauna yana kallon sama? Ji rashin tawakkali. Kuma in aka fara karanta lissafi a fili, wa ya san inda abin zai tsaya? Yau a tambayi kuɗin jesi, gobe a tambayi na rijiyar burtsatse.

Don haka ina kira ga kyaftin-kyaftin na Mafara da Bakura da Maradun su toshe kunnuwansu. Labari mai daɗi na tafe: an ce an ga ana fentin gidan Alhaji, lambarsa kuma ta fara shiga. Ana raɗe-raɗin ma zai sauya sheƙa, wanda ke nufin dole a buga sabuwar jesi mai sabon launi. Duk mai tsohuwa ya ajiye ta da kyau, kada a mayar da ita tsumma, don ba a san ranar da zai komo tsohuwar jam'iyyar ba.