Sankiran da Ba Ya Kiran Suna

A wani gari an yi wani sankira mai zaƙin murya, idan ya buga ganga har masu daka sukan ajiye taɓarya su saurara. Kullum yana bugun ƙirji cewa shi ba ya kiran sunan wanda aka zalunta.

Ana nan sai wani attajiri ya yi wa wata yarinya mai tallar fura fyaɗe. Uwar ta lulluɓe da mayafi, ta kai ƙara a asirce. Kafin azahar sankira ya samu labari. Ya shiga gidan, ya tarar da yarinyar kwance, ya tsuguna kusa da ita.

"Yarinya, da farko me ya yi miki? Sai kuma me? Kin yi ihu?"

Ta faɗa tana kuka. Ya ce ta maimaita, bai ji da kyau ba.

Da la'asar ya tsaya tsakiyar kasuwa. "Jama'a, ba zan kira suna ba, Allah ya kiyaye! Wata yarinya ce 'yar shekara 13, mai fura a bakin tasha, gidansu na kallon rijiyar masu rini, ubanta mai gyaran keken nan ne mai ido ɗaya." Ya ƙara da cewa bayan magariba ta fita. Wanda ya yi aika-aikar kuwa, "wani bawan Allah" aka ce da shi.

Washegari ba wanda ya sayi furar. Yara suka riƙa binta da nuni. Manemin yayarta ya aiko a mayar masa da kayansa. Uwar ta janye ƙara, suka ɗaure kaya da dare suka bar garin. Attajiri bai fasa zama a sahun gaba ba. Da abin ya faɗa wa wata yarinyar a makwabta, uwarta ta toshe mata baki da hannu.

Wata tsohuwa ta tare sankira a hanya.

"Ɗan nan, ka kyauta ke nan?"

"Haba Iya, ai ban kira suna ba."

"Shi Alhajin fa, ina gidansa ke kallo?"

"Iya, shari'a ba ta tabbatar da laifinsa ba tukuna."

"To ita yarinyar, wane laifi shari'a ta tabbatar mata?"

Sankira ya gyara ratayen gangarsa ya wuce.

Ni dai labarin wani gari nake bayarwa. Sai dai na ji sankirorin yanzu sun ajiye ganga sun ɗauki kyamara, suna rufe idon yarinya da baƙin layi, su bar ƙofar gidansu da muryar uwarta a fili. In akwai su cikin masu karatu, su tuna ƙa'idojin aikin jarida na Najeriya da aka amince da su a Ilorin a 1998: sun hana bayyana suna ko hoton yaron da bai kai shekara 16 ba a batun lalata, sun kuma hana yin hira da shi.