Wai An Canza Wa Tuwo Suna

To 'yan majalisar bakin titi, saƙonku ya iso. Wai likitan da ke ba ɗan ƙwaya methadone ko buprenorphine dila ne mai farar riga, an canza wa tuwo suna kawai. Sannunku da bincike! Alhaji, kai da ko safiya ɗaya ba ka tsallake ƙwayar hawan jini, yaushe za mu kai ka gidan mari?

Ku gyara zama. Wanda tramol ko kodin ya kama, da zarar abin ya sake shi sai gumi, zawo, hamma da ciwon gaɓoɓi, har ya ɗaga wayar ƙanwarsa ya sayar. Methadone tana zama daidai inda waɗancan ke zama a ƙwaƙwalwa, sai dai a hankali take shiga, ta wuni ta kwana tana aiki. Sau ɗaya a rana, bisa awon likita, yawanci a gaban ma'aikacin asibiti. Mutum ya tafi shagonsa ido a buɗe. Ita kuwa buprenorphine ƙarƙashin harshe ake sa ta, kuma ƙarfinta yana da inda yake tsayawa.

Baba ya ce a ɗaure yaro wata uku ya bushe. Zai bushe, Baba, Allah ya ja kwana. Amma jikinsa ya manta yawan da ya saba ɗauka. Ranar da ya fito ya afa irin na da, numfashi ke tsayawa.

Kayan Turawa ne? Gaskiya ne, a New York likitoci Dole da Nyswander suka fara gwada methadone wajen 1964, Faransa kuma ta sakar wa kowane likita buprenorphine a 1996, mace-macen shan fiye da kima suka ragu ƙwarai. To Iran fa, mai rawani da alkyabba, da ta cika garuruwanta da irin waɗannan asibitoci? Tanzaniya ma ta buɗe nata a Muhimbili a 2011.

Mu nan an hana kodin na tari a 2018, muka yi ta tafi. Masu sha fa, tafin ya warkar da su?

Kada dai wani ya ruga kemis. Methadone ɗin ma, aka sha ta da ka ko aka haɗa da maganin barci, kisa take yi. Hajiya, na ga kin buɗe baki, sai wani makon.