Akuyar Alhaji Ta Yi wa Zogalenmu Aski

Gidan hayarmu a Kontagora daɓen siminti ne tun daga zaure har ƙofar banɗaki, shi ya sa uwargida ta dasa zogalenta a tsohon bokitin fenti. Da za ta tafi wankan jegon ƙanwarta a Rijau, ba ta bar mini sallahu a kan yara ba, sai a kan bokitin. "Malam, ga amanata nan."

Washegari da la'asar na tarar da ƙofa a buɗe, akuyar maƙwabcinmu Alhaji tana tsakar gida tana tuƙa, tana kallona kamar ni ne baƙon. Zogale kuwa, saura wani tsinke da bai fi taƙi biyu ba.

Sai na shiga jinya. A zafin Maris na garin nan, me zai zo wa mutum a rai in ba ruwa ba? Safe ruwa, azahar ruwa, in na farka cikin dare ma ruwa. A majalisa kowa ya zama likita. Wani ya ce toka, wani ya ce sauran shayi, wani ya ce in nemo wani in dasa, wai mata ba sa ganewa. Wannan bai san matata ba.

Ƙanina da ya karanta aikin gona a tsohuwar Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta nan Kontagora ne ya leƙo. Ya kankare ɓawon tsinken da farce, sai ga kore shar a ciki.

"Yaya, da ransa. Akuya ta yi iya nata ta bar shi, kai ne kake neman ƙarasa shi."

Ya ce asalin zogale daga arewacin Indiya yake, saiwarsa mai kauri ce, tana adana ruwa da abinci, don haka fari ba ya firgita shi. Abin da ba ya yafewa shi ne ruwa ya kwanta masa a gindi, nan da nan saiwa ta ruɓe. Ya ɗauki ƙusa ya huda ƙasan bokitin. Warin abin da ya tsiyayo har ƙofar gida. Ya ƙara da cewa manoman zogale da gangan suke datse kansa in ya kai kamar mita ɗaya, don ya fitar da rassa maimakon ya miƙe zalau. Dokar da ya kafa mini: in tsoma yatsa a ƙasar, in da danshi, in kama gabana.

Na kama gabana. Tsinke ya yi tofo ta kowane gefe, kafin uwargida ta dawo ya fi da cika. Ta zagaya bokitin tana sa mini albarka, ni kuma na karɓa da tawali'u.

Muna cikin haka aka yi sallama. Alhaji ne, da kwano a hannu, murya a sake: "Malam, tunda akuyata ce ta yi askin, a sa da mu a kwaɗon farko."

Uwargida ta ajiye buta a hankali.

"Malam, wace akuya?"