Hunturu Ba Ya Sallama

Mu dai a layinmu ba kalanda ce ke gaya mana hunturu ya kusa ba, Goggo ce. Ranar da muka ga ta fito da tsohon gwangwanin madararta mai cike da kwarashi da tsinkayen saƙa, ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki bayan la'asar, to damina ta yi bankwana ke nan. Ƙarshen Oktoba ne, gumi bai daina tsattsafo wa mutane ba, amma ita tana kiran jikoki ɗaya bayan ɗaya tana auna ƙirjinsu da ɗani. In aka ce mata, "Haba Goggo, ai da sauran lokaci," amsarta ba ta sakewa: "Ba a fafe gora ranar tafiya. Shi hunturu ba ya sallama."

Daga nan sai maganar zare ta tashi. Kowace ta kawo abin da Allah ya hore mata, a haɗa, a tura mutum biyu Kasuwar Ƙofar Wambai, don sayen sari ya fi sauƙi a kan kowa ta je ta sayo ƙulli ɗaya. Kowa da launin da take so. Maman 'yan biyu shuɗi take nema, wai ba ya nuna ƙura. Amaryar gidan liman ta nace sai fari da ruwan hoda, muka gane dalili, muka yi mata fatan sauka lafiya. Duk muna kiransa zaren ulu, amma Goggo ba ta yarda da suna. Sai ta gutsuri bakin zaren ta kanga masa ashana. Ulu na gaskiya ƙaurin gashi yake yi, ya zama toka mai murmushewa a yatsa. Namu na kasuwa kuwa sai ya nannaɗe, ya narke, ya daskare kamar leda. "Kun gani ko? Roba ce. Yana da ɗumi, yana da jure wanki, amma kada wadda ta bar yaronta ya matsa kusa da kasko da shi a jiki." Kowace shekara sai ta yi mana wannan gwaji, kuma kowace shekara sai an sami sabuwar uwa da ba ta taɓa gani ba.

Zaman saƙar kansa tsakanin la'asar da magariba ne, bayan an ɗora tukunya. Ba a zuwa hannu rabbana, kowa da ledar zarenta. Masu kwarashi su ke da hula da safar jarirai, don shi aikinsa ba ya daɗewa. Masu tsinke biyu su ke da rigar sanyi, wadda ke cin mako biyu ko uku in ana ɗan taɓawa kullum. Baki na aiki, hannu na aiki. A nan ake jin kuɗin kwanon gero, da wadda za a aurar bayan salla, da yaron da tari ya hana barci. Sai ka ji Yaya ta ɗaga aikin wata ta ce, "Ƙanwata, kin matsa wuyan nan. Kan yaro ya fi yadda kike zato girma, warware layi huɗu." Ba a jin haushi. Wadda ba ta taɓa warwarewa ba, ba ta taɓa saƙa ba.

Warwarar ma sana'a ce mai zaman kanta. Rigar da ta yi wa yaro kaɗan, in babu ƙanin da zai gada, ba ta zama tsumma a wurinmu. A nemo bakin zaren a ja, yaro ya miƙe hannuwa biyu a naɗa masa, yana ta ƙorafin gajiya. Zaren yakan fito a cukurkuɗe kamar gashin da aka tsefe, sai a jiƙa shi a ruwan ɗumi, a shanya a inuwa, ya miƙe. Akwai wani jan zare a layinmu da kowa ya san shi. Rigar babban ɗan Yaya ce da fari, yanzu yaron yana jami'a. Zaren ya koma riguna biyu na 'yan biyu aka ƙara masa baƙi a hannu. Bara kuma huluna uku ya zama.

Masu keken ɗinki su ma ba a bar su a baya ba. Maman 'yan biyu tana da tsohon Butterfly na ƙafa da ta zo da shi ranar aurenta. Telan bakin titi yana tara mana ƙyallaye a buhu, na atamfa, na shadda, na yadi. Mu zauna mu yanka su murabba'i, ta harhaɗa, a sa tsohon zane biyu a tsakiya, a yi masa shafi da yadi mai laushi da aka yanko a Kantin Kwari, sai ga bargo. Yara kan kwanta suna nuna wa juna: wannan ankon bikin wance ne, wannan rigar sallar Baba ce.

Iya, wadda ta fi kowa shekaru, idonta ya daina ganin ramin allura, amma bakinta na nan. Ita ke tuna mana cewa wannan ulu baƙo ne. A zamaninsu auduga ake gurzawa, a shiɓe ta, a kaɗa da mazari, a kai wa masaƙa su saƙo gwado da luru. Wanda ake so da baba a kai marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take aiki, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Har yau gwadon Iya na aure yana ƙasan adaka, nauyinsa kamar an jiƙa shi. In ta fito da shi sai mu yi ta shafawa. "Kayan aiki ne suka sake," in ji ta, "amma uwa ba ta sake ba."

Ba wai ba ma sayen gwanjo ba ne. Muna saye, kuma ya rufa wa gidaje da yawa asiri. Maigidan da ke jan adaidaita sahu tun asuba, babu saƙar da za ta tare masa iska kamar jibgegiyar rigar gwanjo. Sai dai da sanyi ya kankama kuɗinta ke tashi, kuma ba don ɗanka aka yi ta ba: hannu ya yi tsawo, ko wuya ya yi faɗi iska na shiga. Ta hannu kuwa an san mai ita. An san wannan yana da ciwon kunne, sai a saukar masa da hula har ƙeya a sa igiyar ɗaurewa a haɓa. An san waccan ba ta son abin da ke sukar fata, sai a yi mata shafi a ciki.

Sai wata safiya a Disamba a wayi gari rana ta yi fari kamar faranti. Iskar arewa maso gabas ta kwaso ƙurar Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta lulluɓe Kano, har wani lokaci jirage su kasa sauka a filin Malam Aminu Kano. Leɓe ya tsage, faso ya buɗe, man kaɗanya ya yi daraja, ruwan randa ya zama kamar ƙanƙara. A tsakiyar Janairu, in muku-mukun ya kai maƙura, leƙo layinmu da sassafe ka ga yara a layin mai ƙosai, kowa da hularsa. Muna iya faɗin hannun da ya saƙa kowace ɗaya daga nesa. A lokacin ne kuma ake ta jan kunnen juna: kada a kwana da garwashi a ɗaki a rufe, kada a rataye rigar saƙa a igiya bayan wanki, a shimfiɗa ta a tabarma don kada ta zazzago.

Akwai ƙa'ida ɗaya da ba a rubuta ba, amma ba wadda ke karya ta. Duk wadda ta gama na gidanta, za ta yi hula ɗaya ta sadaka da ragowar zare. Almajiran makarantar allon da ke bayanmu, waɗanda ke kewaye wutar kara da asuba suna karatu, su ake kai wa. Shi ya sa hulunansu ke da launi biyar, shida.

Bana 'yar wajen Yaya mai shekara tara ce ta karɓi kwarashi a karo na farko. Goggo ta ba ta guntun jan zaren nan, abin da ya rage bayan huluna. Kwana huɗu tana fama, tana cizon leɓe, ta warware sau uku. Da ta gama, safa ce guda biyu, ɗaya ta ɗan fi ɗaya. Ta kai wa amaryar gidan liman da kanta. Ranar suna, da aka fito da jaririn a naɗe cikin farin mayafi, ƙafafunsa biyu ja ne.