Bazazzagi, Ka Saki Dogon Yaron Nan Ya Motsa

Bawana Bazazzagi, labari ya iso Kano cewa an ba ka horar da yaran unguwa ƙwallon kwando, har ka sayi usur ka rataya a wuya. Barka da samun sarauta. Abin da ya hana ni yin shiru shi ne yadda kake yi da dogon yaronku, sentan ƙungiyar. An ce ka dasa shi a gindin kwando, ka ce kada ya kuskura ya gusa, sauran huɗun su yi ta cilla masa ƙwallo daga nesa. Wato ganuwar Amina ka mayar da shi. Ita kuwa ganuwa, Malam, don tare mahara aka gina ta, ba a taɓa jin ta fita ta ci gari ba.

Ko doka ba ta goyi bayanka ba. Mai kai hari ba ya wuce daƙiƙa uku a cikin akwatin da ke ƙarƙashin kwando, sai alƙali ya busa. Dole yaron ya rakuɓe a gefe, mutum biyu su sa shi tsakiya, daƙiƙa 24 na hari suna zurarewa, kai kana bakin fili kana ta ihu.

Mutum biyun nan su ne ribar, in da kun san ciniki. Duk sanda biyu suka taru a kan ɗaya, akwai naku guda da ba mai tsaronsa. Da wannan lissafin Houston Rockets ta ci kofin NBA a 1994 da 1995. A ba Hakeem Olajuwon, ɗan Legas, ƙwallo kusa da kwando. In mutum ɗaya ne a bayansa, ya yi masa rawar ƙafar da ya samo tun yana tsaron gida a ƙwallon ƙafa. In an ƙaro na biyu, ya miƙa wa Kenny Smith ko Robert Horry a bayan layin maki uku. Orlando Magic, da Shaquille O'Neal ɗinta, ko wasa ɗaya ba ta ci ba cikin huɗun ƙarshe na 1995.

Sannan ka riƙa fito da dogon yaronku sama, wajen layin jifan fawul. Daga can yana hango kowa, kuma dogon da ke tsaronsa dole ya biyo shi, gindin kwando ya zama fili, gajerunku su sulale ciki. Ko ya tsaya ya tare wa mai ƙwallo mai tsaronsa, sannan ya juya ya nufi kwando a guje. Nikola Jokic na Denver, wanda sai a lamba ta 41 aka zaɓe shi a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA na 2014, ko tsallen kirki ba ya yi, amma ta hannunsa harin ke bi, har suka ɗauki kofi a 2023. Ban ce a raba yaron da gindin kwando ba. In aka yi kuskure gajere ya tsare shi, a ba shi nan take, kafin taimako ya iso.

Abin kunyar ma, a garinku aka san wannan. Masai Ujiri a Zariya ya tashi, kuma yana shugabantar Toronto Raptors ya ɗauko Marc Gasol daga Memphis a Fabrairun 2019, dogon da ya iya raba ƙwallo da jifa daga nesa. Watan Yuni suka doke Golden State suka ci kofi. Ga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ta shekara da shekaru tana yaye 'yan ƙwallon kwando, kai kuma kana kusa ba ka tsinci komai ba.

Ka kwaso yaran ka kawo su su ga yadda Kano Pillars ke atisaye. Gurasa da ƙuli ni zan saya musu. Kuɗin mota naka ne, na shawara kuma ka taho da shi a hannu, don ka san Bakano ba ya ba Bazazzagi bashi.