Na Je Kallon Fure, Na Ƙare a Zauren Mai Unguwa

Mutanen Japan suna da wata al'ada da suke kira hanami. Duk ƙarshen watan Maris zuwa farkon Afrilu, idan itatuwan sakura suka yi fure, sai a kwashi shimfiɗa da abinci a tafi gindinsu a baje, ba don komai ba sai don kallo. Hukumar kula da yanayi ta ƙasar har wata bishiya ta ware a wurin bauta na Yasukuni a Tokyo, ma'aikaci ya je ya ƙirga furen da ya buɗe, in ya kai biyar ko shida ya sanar cewa lokaci ya yi. A 1912 birnin Tokyo ya yi wa Washington kyautar irin itatuwan nan kimanin 3,000, har gobe Amurkawa na tururuwar zuwa ganinsu. Duk a waya na ga wannan, ina kwance a ɗakina a Kano, ba wuta, gumi na keto min. Na ce to mu me ya hana mu? Kuɗin jirgi ne babu, amma ƙasarmu ba ta rasa bishiya ba, kuma ina da kawu a Kademi.

Na shiga Ƙofar Wambai na sayi kambas na gwanjo da jakar goyo, na haɗa da malfa, na hau mota ta Wudil, muka wuce Gaya, la'asar ta yi min a gidan kawu. Bayan an ci tuwo ya tambaye ni abin da ke tafe da ni. Na ce daji zan shiga gobe in kalli fure.

"Waye ba lafiya?" in ji shi.

"Kowa lafiya lau, Kawu."

"To wane malamin ne ya ce ka samo?"

Na yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya leƙa cikin gida ya ce wa matarsa ta ƙaro min tuwo, da alama ba na samun abinci a birni. A ƙasar nan ba a tafiya haka kawai. Ana zuwa gona, ana zuwa kasuwa, ana zuwa ta'aziyya ko biki. Ko maƙeran nan Abagayawa da tarihin Kano ya ce sun taso daga Gaya har Dutsen Dala, tama suka je nema. Kawu ya ce zai haɗa ni da ƙaramin ɗansa. Na ce ai kaɗaici shi ne daɗin abin.

Na so fita da asuba, barci ya ƙi. Sai da hantsi ya dubi ludayi na shafa turare, na goya jaka, na kama hanya, ina cin karo da masu dawowa daga sharar gona. Gonaki fayau, ba kara ba ciyawa, sai tsibin taki nan da can ana jiran damina. Gawo ne kaɗai ke ta gadara da koren ganye, shi da ke kakkaɓe nasa idan ruwa ya sauka ya tofo da rani. Darbejiya ta yi ɗan farin furenta, amma sai ka kai hanci kake sanin da shi. Na yi tafiya mai nisa, ruwan gorata ya zama shayi, na fara tunanin ko kawu yana da gaskiya.

Sai ga ɗorawa.

Duk abin da ya biyo baya bai sa na fasa cewa ba a yi wa bishiyar nan adalci ba. Ƙatuwa ce, ta baje rassa, tutunta na reto jajawur, dunƙule-dunƙule, kowanne a ƙarshen dogon tsinkensa, iska na kaɗa su. Da dare jemagu ke shan ruwan da ke ɗiga daga jikinsu, da safe zuma ta karɓa. Daga nan 'ya'ya su fito, dogaye, a samu garin ɗorawa rawaya da yara ke gumtsa, a samu kalwa a yi daddawa, ɓawon kuma a jiƙa a yi makuba don daɓe da yaɓe. Mun ci miyar daddawa tun muna goye, amma ban taɓa jin wanda ya ce zo mu je mu ga furenta ba.

Na ajiye jaka na shiga aiki. Na zagaya ta ina ɗaukar hoto, na ja da baya na ƙirga taku, na dawo na rungumi gindinta in ji kaurinsa, na fito da littafi na rubuta. Wasu yara masu kiwon awaki suna can gefe suna kallona. Na ɗaga musu hannu, suka watse da gudu, na ɗauka kunyar baƙo ce.

Hoton bai yi min ba, furen ya yi nisa. Na ce bari in kaɗo guda ɗaya in riƙe a hannu. Na samu guntun icce na wurga. Bai samu fure ba. Abin da ya samu wani dogon abu ne da aka saƙa da ciyawa aka ɗaure tsakanin rassa, wanda na ɗauka sheƙar tsuntsu ce. Amya ce.

Na ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Turaren nan da na shafa ya zame wa ƙudan zuma jagora. Malfa ta tafi, kambas ɗaya ya tsaya a cikin kunya, na ratsa ta wani fegi da ƙarangiya ta yi gari, ina kaiwa fuskata mari ina kiran sunan Allah. Inda na faɗi, nan samarin unguwa suka iske ni da sanduna. Yaran nan sun riga sun kai labari cewa ga wani da jaka yana auna bishiya yana rubutawa. Rabinsu sun ce dillalin masu gawayi ne, rabi sun ce mai yanka filaye ne, wani kuma ya ce irin waɗanda ake aikowa leƙen asiri ne. Fuskata ta tashi kamar alkubus, leɓe ya hana ni faɗin sunan kawu yadda za a gane.

A zauren mai unguwa aka zazzage jakata: biredi, gwangwanin kifi, abin cajin waya, tabarmar roba.

"Malam, me ya kai ka gindin bishiyar mutane?"

"Ranka ya daɗe, kallo."

"Kallon me?"

"Fure."

"In ka kalla, sai kuma me?"

"Shi ke nan, ranka ya daɗe. A Japan haka ake yi."

Zauren ya yi tsit. Wani dattijo ya ce a hankali, Japan ɗin da ke ƙera babura? Na gyaɗa kai. Ya ce lallai sun gama aikinsu ne.

Nan na koyi cewa gonar ta wani ce, ɗorawar kuma ta wata tsohuwa ce da ta gada, amyar kuma ta mutum na uku. Tsohuwar ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce, "Ɗan nan, duk tutun da ka kaɗo, daddawata ka zubar." Na ce, "Inna, ko ɗaya ban samu ba." Ta ce wannan rashin iya jifa ne, ba kirki ba. Mai amya ya fi ta shiri. Ya ce kowa ya san zumar da ta harbi mutum mutuwa take yi, saboda haka a ƙirga kumburin jikina a biya shi dabbobinsa. Wani yaro har ya matso ya fara ƙirgawa daga goshi.

Kawu ya iso yana gyara riga. Ya dube ni, ya dubi ƙafata mai safa ɗaya, ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗan ƙanwata ne. Ba ɓarawo ba ne, boko ne ya yi masa yawa." Wannan shaida ta gamsar da kowa nan take, abin da ya fi harbin yi min ciwo. Aka sasanta a kan in sayi kwalbar zuma a hannun mai amya, da daddawa a hannun tsohuwa, a farashin da ba a tayawa.

Washegari da asuba kawu ya tashe ni, ya ce tunda fure nake so, akwai taki da za a kai gona. Ya ɗora ni a kan amalanke, bisa buhunan, ido ɗaya a rufe. Hanyar ta bi ta ƙarƙashin ɗorawa bayan ɗorawa, duk sun yi ja, na kalla iya kallona. Samarin jiya muka gamu da su a hanya, sanduna a kafaɗa. Suka ɗaga min hannu suka ce, "Sannu da aiki, Yaya!"